Bututu Biyu Ƙarƙashin Marsandi

Jega,
Litinin, 3 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga matata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, ke da 'yar baƙuwarmu Salma. Yaya ruwan zafi? Ki gaishe mini da Baba da Inna da duk mutanen Andarai. Ni ma lafiyata lau, sai kewa.

Na san labari ya riga ni isowa, tunda Almu direba ne ke kai miki wasiƙuna, shi kuwa bakinshi ba ya da birki. Gaskiya ne, an jawo Marsandin Alhaji Gambo da igiya tun daga Maiyama har Jega, ina ciki riƙe da sitiyari, kunya kamar in nutse.

Kin san wagga mota ba irin babbar motar albasar da na shekara goma sha huɗu ina ja mishi ba ce. Otomatik ce, da kanta take sauya giya, ba ta da kuloci. Man giyarta ja ne kamar zoɓo, kuma akwai siraran bututun ƙarfe biyu a ƙarƙashinta masu kai man ga lagireto ya huce ya dawo. Ashe tsatsa ta cinye su tun kafin a kawo ta daga Kwatano. Sati uku da sunka wuce na ga ɗigo ja a ƙasa. Maimakon in faɗa wa Alhaji, sai na yanko robar cikin taya na ɗaure wurin tamau, yadda muke yi wa manyan motoci a hanya. Ranar Jumma'a muna fita Maiyama robar ta saki, man ya tsiyaye kan kwalta. Na taka totur, inji na ihu, mota ko gezau.

Makanikan Jega sun taru kanta kamar ana rabon naman layya. Kowa ya leƙa sai ya ce babu irin bututun ko a Sakkwato, a cire giyar gaba ɗaya a sa mata giyar hannu a huta. Anas, babban ɗan Alhaji, ya goyi bayansu. Alhaji ya ce ya ba ni zuwa Asabar in samo wata dabara, in babu, a bi maganarsu.

Bushira, ga abin da na ɓoye miki. Ƙafata ta hagu da ta karye ba ta warke yadda na riƙa rubuta miki ba. Mai ɗorin Aliero ya yi aikinshi, ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta ƙi lanƙwasa. Na gwada taka kuloci a motar Almu, sai da hawaye sunka zubo mini. In anka sa wa motar nan giyar hannu, tuƙi ya ƙare gare ni, kuma ban iya wata sana'a ba. Alkawarin da na yi miki na zuwa ɗaukarku da kaina ranar arba'in ma ya tashi. Tsoro nike ji, wallahi. Ki sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Rufa'i.

Jega,
Alhamis, 6 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga Bushira, uwar Salma,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma ciwon bayan Inna ya yi sauƙi.

Amsarki ta iso jiya, na karanta ta sau huɗu. Wato tun ranar suna kinka leƙo ta labule kinka ga yadda nike jan ƙafar, duk da babbar rigar da na zuba don ta rufe ni! Ni ina can ina taƙama na yi wayo. Kin ce shirun da kinka yi don kar ki ba ni kunya ne. Allah Ya yi miki albarka, amma kin iya ƙunshe magana, ke ma.

To, Allah Ya haɗa ni da wani bawan Allah, Sila, mutumin Zuru mai gyaran taraktoci a ofishin gona. Ba mai yawan magana ba ne. Bayan ya tashi aiki ya zo ya kwanta ƙarƙashin motar, ya jawo robata ya ɗaga ta sama yana kallona, har na so ƙasa ta tsage. Ya shinshina sauran man ya ce bai ƙone ba, giyar na da rai. Ya ce bututu ai bututu ne, wanda ba a sayarwa ana yin shi.

Ya kwance tsofaffin a hankali, bai yar ba, don su ne ma'auni. Ya sayo sabon bututun ƙarfe mai kaurinsu wajen masu kayan tarakta a kasuwa. Matsalar ita ce lanƙwasawa: in ka murɗa shi haka nan sai ya maƙure, mai ya kasa wucewa. Sai ya aike ni bakin gulbi in ɗebo yashi mai laushi. Matarshi Martha ta soya mana shi a kasko har ya bushe ƙayau, tana dariya wai tunda take ba ta taɓa yi wa mota girki ba. Munka ɗura yashin cikin bututun, munka toshe bakunan, ya riƙa lanƙwasa shi a jikin taɓaryarta, kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da tsohon. Na farko ya karye a kwana ta uku. Ya ɗauko wani ya sake farawa.

Sannan ya buɗa bakin kowanne da wani ɗan ƙarfe, kamar bakin algaita, don noti ya kama shi ba yoyo. Aikina shi ne wanki. Ya ce ƙwayar yashi ɗaya in ta rage ciki, ita za ta kashe giyar. Na zauna da ƙafata miƙe ina ɗura fetur ina hurawa da famfon keke a kan farin ƙyalle, tun la'asar har kiran magariba, sai da ƙyallen ya fito fes sau bakwai. Gobe za mu ɗaura. Ki shafa mini kan Salma.

Mijinki,
Rufa'i.

Jega,
Lahadi, 9 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga abin ƙaunata Bushira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku baki ɗaya, da fatan shirin dawowa na tafiya daidai.

Alhamdu lillahi! Sila ya ɗaura bututun, ya kama su da ƙarfe nesa da salansa don kar zafi ya taɓa su, ya cika jan mai yana aunawa inji na aiki. Jiya da hantsi na ɗauki Alhaji da Anas da shi Sila, munka tafi Aliero, munka zarce Kashin Zama ta wannan hanya mai gargada. Giya na shiga ɗaya bayan ɗaya. Da munka dawo Sila ya shimfiɗa takarda ƙarƙashin motar, munka tsaya kanta. Ko ɗigo.

A nan na ce yau ɓoyo ya ƙare. Na durƙusa iyakar yadda ƙafar ta bari, na faɗa wa Alhaji maganar robar, na faɗa mishi maganar gwiwa, gaban ɗanshi. Kan robar ya wanke ni tas, kuma na cancanta. Da ya zo kan gwiwa sai ya sassauta murya. Ya ce ranar da anka kwance mini karan ɗori, mai ɗorin ya ja shi gefe ya gaya mishi ba zan ƙara taka kuloci ba. Washegari ya aika Kwatano a nemo mota marar kuloci. Ya ce shi da ya girma a bayan jaki, mi zai yi da Marsandi in ba don ni ba? Wa'adin Asabar ma don makanikai sun rantse mishi babu gyara ne, kuma ya kwana biyar yana tunanin inda zai samo wata motar marar kuloci. Anas ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, Bushira, kuka na yi, Sila ya juya baya yana goge sifana.

Wata bakwai ina ɓoye abin da ku biyu, ke da Alhaji, kunka riga kunka sani, kuna rufa mini asiri ban ankara ba.

Alhaji ya ba ni motar ranar Talata, ranar arba'in ɗinku. Ki ɗaure kayanki, ki ajiye wa Martha daddawar Inna, don taɓaryarta ta sha wuya. Ba zan sa babbar riga ba. In kin ji ham sau uku ki fito ƙofar gida ki ga mijinki yana ɗingisowa, da shi da ƙafarshi, ya zo ɗaukar iyalinshi.

Naki, da zuciya ɗaya,
Rufa'i.