Abin da Bappa ya ɓoye wa likitan Adda

Hamma Buba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya yara? Mu nan Luggere alhamdulillahi, sai dai jikin Adda Mairo.

Ranar Talata likitoci masu binciken ƙwayoyin halitta suka ɗebi jininta. Sun ce idan sankarar maman da ke damunta ta gado ce, akwai maganin da ya fi dacewa da ita. Sai suka tambaya ko wani ya taɓa yin ciwon a danginmu. Bappa Sali ya yi caraf ya ce, "Babu, gidanmu ba a wannan ciwo." Ina zaune a wurin fa, Hamma!

Da na koma gida na ɗauko littattafan da nake rubuta al'amuran kullum. Sau uku na karanta, don kada ya zama ni ce na ruɗe. Ga shi da rubutun hannuna: Goggo Nenne, gyambo a mama, jinyar wata bakwai. Ni ce ma nake wanke mata.

Washegari na kai wa likita littafin. Yanzu Bappa ba ya amsa gaisuwata, wai na tona asirin gida, za a guji auren 'ya'yansa. To ran Adda fa? Wataƙila ya kamata in fara sanar da shi, amma na san zai hana ni.

Don Allah ka rubuto mini ciwon da kakarmu ta rasu da shi, kai kana da wayo lokacin. Kada ka sakaya komai, likita yana jira.

Ka sa Adda a addu'a. Ka gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarka,
Fadimatu