Hutun da Na Ɗaga da Hannuna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya ƙarin haƙurin rashin Baba? Ki shafa min kan 'yan biyu.

Ni lafiya lau nake, ina ɗan cin abinci, kada ki damu. Jiragen ruwan sintiri ukun da muka shekara biyu muna jira sun iso, an miƙa su ga masu tsaron teku ranar Talata. An tafa, an ɗau hoto. Shugabanmu ya ce yanzu 'yan fashin teku za su ji a jikinsu, har ya yabi jadawalina.

Kin san ni ke tsara ranakun kowa a ofis. Na bari kuka ɗauka hutu aka hana ni. Ba wanda ya hana ni, Yaya. Da jiragen suka makara, ni na goge ranar tafiyata daga allo, na ƙara mako biyu. Baba ya ce min a waya, "Mai Kalanda, gama aikinka, ina nan."

Akwai takardar da muke lissafa duk abin da zai iya ɓata mana shiri. Na sa guguwa, na sa lalacewar inji, har rashin lafiyar mai koyar da tuƙi. Abu talatin da ɗaya na hango. Ban rubuta Baba ba.

Allah ya jiƙansa. A ajiye min rediyonsa. Kada ki gaya wa Inna, da bakina zan faɗa mata in na zo gida ranar sha biyu ga wata. Wannan ranar da biro na rubuta ta.

Ƙaninki,
Mai Kalanda