Kwabon da Inna Ta Wanke

Daren Talata, Omdurman

Na kai kwabon kakarmu kasuwa yau, na kuma dawo da shi.

Makon jiya na tura wa mai sayen tsofaffin kuɗi hotonsa a waya. Kwabon jan ƙarfe ne mai huji, ya yi baƙi ƙirin, wanda ta ƙullo a bakin zane tun daga Katsina. Mutumin ya ce na wannan shekarar ba su da yawa, in kawo shi yadda yake. Har na sa rai zai sayi allurar ciwon sukarin Baba, wadda saura kwalba ɗaya.

Amma Inna, mahaifiyata, ba ta barin abu ya fita gidanta da dauɗa. Da asuba, ina barci, ta zauna da lemun tsami da toka ta dirje shi kamar tiren gahawa, ta naɗe a hankici.

Mutumin ya juya shi ƙarƙashin gilashi, ya ɗago kai.

"Ya ustaza, wa ya yi masa wanka? Ai tsufan muke saye, kun goge shi."

Abin da ya taya ko kuɗin raksha, keken haya mai ƙafa uku, bai kai ba.

Inna ta tare ni a ƙofa, yatsunta duk sun yi kanta.

"Ya yaba da ƙyallin?"

Na ce ya yaba ƙwarai, kasuwar ce ba kuɗi.

"To gobe in ƙara goge shi, ki gwada kasuwar Bahri."

Na ce to, Inna.