Ranar da Muka Sauko da Sifikoki Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Mma.

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, 'yarki Adiza ce. Jiya jikanki ya jera sababbin sifikoki a falo yana ta murɗe-murɗe, ni kuwa dariya ta kama ni har da hawaye, don ke na tuna.

Kin tuna lokacin da Yaya Fuseini ya daɗe a Jamus shiru, sai ga kaset ya aiko ta hannun wani ɗan unguwar Nima? A lokacin kunnenki na hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Muka sa kaset ɗin a 'yar rakodarmu, kika kara kunne, ba ki ji komai ba sai shuuu. Muka faɗa miki abin da ya ce, kika ƙi yarda. Kin riga kin sa a ranki cewa ya rasu muna ɓoye miki. Mai dafa wa rabin unguwar Maamobi waace, shinkafa da waken nan, ga ta ba ta iya haɗiye loma. Abin da kike ta faɗa shi ne, "Kunne ne ya yi ritaya, hankali yana nan bakin aiki."

Sai na je na roƙi Baba Seidu mai gidan bidiyo. Ya jira kika tafi kasuwar Makola sayen shinkafa, ya kwaso sifikokinsa huɗu, ya rataye su a kusurwoyin ɗaki, can sama kamar yadda yake yi a gidan bidiyonsa. Ya jawo kujerar marigayi Babanmu tsakiya, ya zaunar da ni, ya toshe mini kunnen hagu da auduga. Ya ƙara wa wannan, ya rage wa waccan, ya danne dum-dum ɗin, har murya ta fito tar. Ya tafa hannu yana cewa ko a gidan silimar Opera ba a samun irin wannan.

Abu ɗaya muka manta, kuma ni 'yar cikinki ce ya kamata in tuna: tun rasuwar Babanmu ba kya zama a kujerarsa. Kina dawowa kika harare ta, kika shimfiɗa tabarmarki a bakin ƙofa. Aka kunna kaset, murya ta bi ta saman kanki ta wuce. Baba Seidu ya ruɗe ya murɗa har ƙarshe. Ranar duk lungunmu sai da ya ji cewa Yaya yana kwana biyu bai yi wanka ba saboda sanyi, kuma yana mafarkin tuwon zafi. Mata na ta sheƙa dariya ta taga, ke kuwa ƙara kawai kike ji. Na ga idonki ya cika da hawaye.

Allah Ya saka wa bawan Allahn nan. Ya kashe kaset, ya tuɓe takalmi, ya zauna dirshan a ƙasa daga gefen tabarmarki, ya saurara. Sai ya sauko da sifikokin duka. Muka kife tukwanen waacenki muka ɗora su a kai, biyu a gabanki, biyu a bayanki, na dama sun fi matsowa. Maimakon ya ƙara, ragewa ya yi ta yi.

Yaya ya yi sallama. Kika waiwaya baya da sauri, kin zaci ya shigo. Sannan kika shiga amsa gaisuwarsa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, alhamdulillahi, kina ma yi masa faɗan wanka. Ɗan fari ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinki ba saboda kunya. Ranar, a gaban maƙwabta kaf, kika dafa sifika kika ce, "Fuseini, ashe kana nan." Daga nan kika ce in zubo miki abinci, in cika kwanon.

Mma, ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba, kuma ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya jiyar da ke sallamar mala'iku da kunnuwa biyu lafiyayyu. Amin.

Taki har kullum,
Adiza