Dogo, Me Za Ka Yi da Kujerar Gaba?

Zuwa gare ka Dogona, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin da ke kashe mini ƙishi, hasken da nake ɗaga kai in nema ko da gari ya haɗa hadari. Mijina, abin tinƙahona, mai dogayen ƙafafu da gajeren bayani.

Gaisuwa mai tarin yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, lafiya ta gaskiya, wadda mutum zai iya rantsuwa a kanta.

Ina rubuto maka ne daga ɗakin hutunmu na masu share jirgin sama, a kan teburin nan mai gurguwar ƙafa, safar hannuna a gefe, shayina ya huce ban taɓa shi ba. Jirgin da muke jira bai sauka ba tukuna. Na ɗauki biro da takarda ne saboda a waya kai gwani ne. Da na ɗauko magana sai ka sako mini dariyar nan taka mai kashe jiki, ka ce Guntuwa ke nan, shi ke nan in manta abin da na zo da shi. To takarda ba ta jin dariya. Zan ɗauki hotonta in turo maka, ka karanta har ƙasa, kada ka tsallake mini layi ko ɗaya.

Shekaranjiya ka ce ka samu hutu za ka dawo gida. Na kurma ihu har maƙwabciya ta fito da bokiti ta ɗauka gobara ce. Ban gama murna ba ka ƙara da cewa wannan karon a kujerar gaba za ka zo, ta cikin labule, wadda ake kwantarwa ta koma gado. Wai don ka iso mini ba gajiya a fuska. Wai tafiyar doguwa ce, ƙafafunka sun fi ƙarfin kujerun baya. Na ce to, na ce madalla, na ajiye waya. Tun daga lokacin ban sake samun natsuwa ba.

Kujerar gaba, Dogo? Kai? Kai fa ne mutumin da idan man goge baki ya ƙare sai ka tsaga bututun da reza ka lakato na ciki. Kai ne ka taɓa takowa daga tasha har gida da akwati a kafaɗa, don mai mota ya ƙara maka abin da bai taka kara ya karya ba. Takalmin da ka zo neman aurena da shi, da shi ka tafi ƙasar mutane, an yi masa ɗinki har mai gyaran ya ce don Allah a bar shi ya huta. Su kuma ƙafafun nan da yau suka zama 'yan gata, sau nawa na gan su a naɗe a kujerar bayan bas, gwiwa na gaisawa da haɓa, kana barcinka har da minshari? Yaushe suka ƙara tsawo ban sani ba?

Ka tuna ranar da za ka tafi? Ni ba na mantawa, sanyin idona. Ina bakin aiki ranar, aka ƙi ba ni hutu, kuma Allah ya yi jirgin da za ka hau mu ne za mu share shi. Na san lambar kujerarka, can ƙurya kusa da bayi, mafi arha da ka iya samu. Na goge ta kamar mai goge madubi. Na goge maɗorin hannu, na goge teburin, na gyara bel ɗin na naɗe shi da kyau, na ƙara maka matashi ɗaya na ɓoye a ƙarƙashin bargo, hawaye na zuba ina sharewa da bayan hannu. Da ka sauka ka kira ni ka ce tun da uwarka ta haife ka ba ka taɓa zama a kujera mai daɗinta ba. Ashe ƙarya ka yi mini? Ko kuwa yanzu ne kake yi?

Bari in gaya maka abin da ke cikin labulen nan, tunda ni nake shiga bayan kowa ya fita. Gaskiya kujerar tana da faɗi, kuma ana danna wani abu ta miƙe har mutum ya kwanta sosai. Bargon ya fi kauri. Abincin a faranti mai fashewa ake kawo shi, ruwa a kofin gilashi, ana ba mutum 'yar jaka mai safa da abin rufe ido da turaren da bai cika cokali ba. Shi ke nan fa, wallahi shi ke nan! Idan an sauka, ɓarɓashin biskit ɗin da nake zuƙewa a gaba irinsa nake zuƙewa a baya. Jirgin bai taɓa sauke na gaba yau ya sauke na baya gobe ba. Mutum ya biya ninkin ba ninkin don ya yi barci, ya farka ya bar safar a ƙasa, ni in tsince. Yawancin masu zaman wurin ma ba daga aljihunsu ba ne, wurin aikinsu ke biya, shi ya sa suke iya barcin. Ga mai lafiya, mai ƙashi da jini kamar yadda na san ka, wannan ai wasa da gumi ne.

Ba zan ɓoye maka ba, mace na fara zargi. Na ce ko wata mai kuɗi ce ta ga dogon mai walda ta ƙyasa, ta saya masa tikiti don su zauna kafaɗa da kafaɗa. Na ce ko ma'aikatan jirgin nan ne masu murmushi kamar an liƙa musu shi. Na wuni ina hura hanci, na yi wa wata kujera shara har sai da shugabarmu ta ce ke, yadin ba laifinsa. Da na huce na yi wa kaina dariya. Macen da za ta jure mutumin da ke kashe fitila tun kafin a gama shiga ɗaki, ni kaɗai ce Allah ya yi. Kaico, da ma macen ce! Da na san yadda zan yi da ita.

Abin da na gani ya fi mace ba ni tsoro, Dogo, kuma ba jiya na fara ganinsa ba.

A da, lokacin hutun rana kake kira na daga wurin gyaran jiragen ruwa. Ina jin guduma a bayanka, ina ganin hular kwano a kanka da zanen gumi a wuyanka, kana ihu ina ihu don mu ji juna. Yanzu a lokacin nan dai kake kira, amma shiru kamar an share duniya. Ba guduma, ba gumi. Fuskarka ce kawai ta cika wayar, gefen matashi na leƙowa ta bayan kunnenka. Ka ce an sauya maka lokacin aiki. To hular fa? Rannan da wayar ta ɗan karkace na hango ta rataye a ƙusa, da rigar aiki a kanta, kuma bayan kwanaki na sake hango su yadda suke, ko hannun rigar bai motsa ba.

Sai Mai Gemu, abokin ɗakinka. Mutumin da ka sha gaya mini ko cokalinsa ba ya wankewa, shi na ga hannunsa ya miƙo maka kofin ruwa har baki, ya tsaya ya karɓa. Da na gaishe shi ya amsa da sauri ya ɓace, shi da ke riƙe ni da surutu har caji ya ƙare. Kai kuma da ka yi dariya na ga ka katse ta a tsakiya, ka runtse ido, sannan ka ce wai network ne. Na yi shekaru ina kallon fuskar nan. Na san runtse idonka na jin daɗi, na san na ciwo.

Sannan ka tambaye ni ko mai gidan da muke haya ya gyara ƙarfen dafawa na matakalar bene. Kai da kake hawa biyu-biyu da buhu a ka, yaushe ka san ma akwai ƙarfe a wurin? Ban gama juya wannan ba sai ga Yaya Babba, yayarka, ta zo mini da fara'a har kunne, ita da ba ta taka gidanmu sai da dalili. Ta zauna, ta yabi labule, ta yabi tsafta, sannan ta sako zancen wai ɗakin ƙasa ya fi iska, me zai hana mu yi musaya da masu shi kafin ka dawo. Ɗakin ƙasa da tagarsa ke kallon bango! Na zuba mata ido, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Wato ita ta sani. Mai Gemu ya sani. Ni da nake kwana da rigarka a ƙarƙashin matashi ni ce bare?

Kuma da wane kuɗi za ka sayi kujerar? Ni da kai mun san wuri ɗaya ne muke da ajiya mai nauyin haka, kuɗin injin walda da shagon da za ka buɗe idan ka dawo gaba ɗaya. Saboda injin nan ka tafi. Saboda shi nake cin abinci ni kaɗai, nake kwana ni kaɗai, nake amsa gaisuwar mutane ni kaɗai. Ka hana kanka sabuwar riga dominsa, ka hana ni zuwa in gan ka dominsa, na haƙura. Yau ka ɗebe shi ka zuba a barcin tafiya ɗaya? Mutumin da na aura ba zai taɓa kuɗin injin walda ba, sai in a ransa ya riga ya yanke cewa ba zai sake durƙusawa ya yi walda ba. Wannan tunanin ne ya hana shayin nan shiga cikina.

Me ya same ka, farin cikina? Faɗowa ka yi? Ƙarfe ne ya sauko maka? Baya ne ko ƙugu? Tun yaushe kake kwance kana kallon silin kana shirya mini ƙarya mai daɗi? Wa yake tayar da kai, wa yake sa maka takalmi? Wayyo Dogo, ina nan ina ninke wa baƙi barguna, mijina na can wani ƙato mai gemu ne ke ba shi ruwa!

Na san dalilinka, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Kana so ka kwanta duk tsawon hanya ka tara ɗan ƙarfin da ya rage, don idan an buɗe ƙofa ka miƙe ka tako gabana kamar ba komai. Kana tsoron in gan ka a karye. Me ka ɗauke ni? Ƙafa na aura? Tsawo na aura? Ni mutumin da ke ajiye mini ɓangaren burodi mai laushi ya ci ɓawon na aura, kuma wannan ko a kwance yake nawa ne.

Don haka ga hukuncina a kan kujerar. Idan lafiyarka lau, zargina duk shirme ne, to kada ka kuskura ka saya. Ka naɗe ƙafafunka ka zo a baya kamar kowa, in ka iso ni zan matsa maka su, in ba ka haƙuri a kan wannan takarda har ka gaji da ji. Amma idan abin da nake tsoro ne, ka saya, Dogo. Ka saya ko da injin zai tafi, ko da shagon zai tafi, ko da sai na ƙara da 'yan kunnena. Tafiyar nan mai tsawo ce, mai ciwon baya ba zai iya zamanta a takure ba, na sha ganin yadda ake fito da irinsu fuska ta yi fari fat. Ga irin wannan mutum kujerar ta ci kuɗinta har da ƙari. Ka kwanta don jikinka ya samu sauƙi. Kada ka kwanta don ka yaudare ni.

Abu ɗaya ka manta da shi cikin shirinka, kai da Yaya Babba. Kun ɗauka a zauren jiran baƙi za ka same ni, bayan ka gama gyara tafiyarka. To mu masu shara a bakin ƙofar jirgi muke tsayawa, a gefe, da bokitanmu, muna jiran fasinja su gama fita. Na gaba suke fara fitowa. Waɗanda ba sa iya takawa su ake bari ƙarshe, sai an kawo musu keken marasa lafiya, kuma da su muke yin kiciɓis idan za mu shiga. Na riga na roƙi shugabarmu ta sa ni a aikin ranar, ta kuma amince.

Zan kasance a wurin, rabin raina. Idan ka fito a sahun farko kana cije haƙora kana mini murmushi, zan gane tun daga takunka na farko, kuma wannan ne kaɗai abin da zai yi mini wuyar yafewa. Idan ka jira ƙarshe, zan ajiye bokitina, in cire safar hannu, in ce wa mai tura keken ya matsa, wannan nawa ne.

Ka kira ni yau ka gaya mini da bakinka, kafin ƙofar jirgi ta gaya mini.

Ni ce taka, a tsaye kake ko a kwance, yau da gobe har ranar da numfashina zai ƙare,

Guntuwarka.