Ranar da Baba Ya Yi Ihu a Silima

Zuwa ga Yaya Mihoko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Sendai? Mu nan Onomichi ruwa ya ƙi ɗaukewa, gwiwar Mama kuma ta soma ƙorafi.

Yaya, ina cikin wani hali. Kin tuna shirin zanen nan na kyaftin mai jirgin fito, wanda Baba yake hana mu ko tari in an sa shi a talabijin muna yara? To, an yi ci gabansa a fim, kuma Ryosuke, wanda na ce miki ina so in aura, yana cikin masu zanen. Tun da Baba ya ji haka ya ɗaure fuska. Wai yaran da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin na asali su ne za su taɓa masa kyaftin. Da na yi maganar zuwan iyayen Ryosuke, sai ya ce sai ya ga fim ɗin tukuna. Kin ji fa, aurena ya rataya a gemun wani tsoho na zane.

Ranar Asabar za mu je silima mu uku, ni da Baba da Ryosuke. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Kozue

Yaya Mihoko,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ryosuke ne ya sayi tikiti, kuma don ruɗewa bai duba ba. Ashe irin nunin nan ya saya mana da ake barin 'yan kallo su yi ta ihu suna kaɗa sandunan fitila. Ga Baba cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, a tsakiyar 'yan mata masu gemun roba. Ryosuke ya yi ta sunkuyawa yana ba da haƙuri har na ji tausayin bayansa. Ni dai na riga na yi wa aurena sallama a zuciyata.

Gaskiya fim ɗin ya yi kyau. Tekun kamar ki sa hannu ki jiƙe. Sai dai gaggawa ta yi masa yawa. A da kyaftin kan cinye shiri guda yana gyaran igiya yana shan shayi, a nan ko zama bai yi ba. Muryarsa ma sabuwa ce. Ina jin Baba yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Sai ga guguwa ta taso, jirgi ya nufi duwatsu. Yaya, Baba ya miƙe tsaye, ya fizge sandar yarinyar da ke gefensa, ya ce, "Hagu, Kyaftin! Hagu na ce, kai tsohon banza!" Zauren duka ya ɗauka. Na yi dariya har da hawaye, rabona da jin muryarsa haka tun kafin ya bar aikin jirgi.

Da muka fito muka shiga shagon taliya, Baba ya koma ya ɗaure fuska kamar ba shi ba. Ya ce fim ɗin ko rabin na da bai kai ba. Ryosuke ya ajiye tsinken cin abincinsa. Sai Baba ya tura masa yankin naman da ke kwanonsa, ya ce, "Yaro, kurakuranku sun fi ƙarfin zama ɗaya. Ka zo gida in lissafa maka su. Ka taho da iyayenka, su ma su ji."

Ki soma neman kayan da za ki sa, Yaya. Mama tana gaishe ku, ki shafa mini kan yara.

Taki mai farin ciki,
Kozue