Kwikwiyon Baba Ba Zai Shiga But Ba

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ni da maigidana mu ɓata a kan ɗan kwikwiyo. Na san za ki yi dariya, ƙawayena ma sun yi.

Mahaifina ya tsufa, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu shi kaɗai yake zaune a gidan gonarsa, tafiyar yini guda a mota daga inda nake aure. Yana da wani tsohon kare mai yi masa gadin kaji, duk inda ya sa ƙafa yana biye da shi. Karen ya mutu bana. Ƙanena ya ce tun daga nan Baba ya daina zagaya gona da safe, sai dai ya zauna a bakin ƙofa da rediyo. In na kira shi lafiya lau yake cewa, amma ni na san muryar ubana.

Ni ɗinki nake yi. Wata mai kawo mini aiki karyarta ta haihu, da na ba ta labari sai ta ce in zaɓi ɗaya. Na ɗauki wani ja mai farin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Yanzu haka yana ƙarƙashin kekena yana tauna guntun ƙyalle. Ni da ban taɓa son kare ba, in na ji ya yi shiru sai na leƙa.

To ga inda matsalar take. Ranar da muka ɗauko shi a motar maigidana, na ga ai ba a barin matafiyi da yunwa, sai na ɗura masa madara har cikinsa ya yi tim. Ba mu yi nisa ba ya amayar da ita duka a kujerar baya. Anti, maigidana mutumin kirki ne, shi da bakinsa ya ce zai kai mu mu kai wa Baba kwikwiyon, amma motar nan yana goge ta fiye da yadda yake goge fuskarsa. Bai yi faɗa ba, ya dai wanke kujerar da kansa yana huci. Yanzu ya kafa sharaɗi: kwikwiyo a but, cikin kwali a rufe, don a kujerar nan yake ajiye kayan da yake salla da su. Ni kuma tsoro nake ji mu isa, mu buɗe but, mu tarar da gawa. Baba bai san komai ba, so nake ya zama bazata. Yaya zan yi?

Taki,
Mai ɗinki

'Yar'uwa Mai ɗinki, na yi dariya kam, amma ta jin daɗi ce. Wasiƙarki ta nuna mini 'ya mai tausayin uba da miji mai haƙuri, don haka gyaran ba wuya.

Mu fara da madara, tunda ita ta jawo rigimar. Guzuri kika yi niyya, sai dai guzuri a jaka ake riƙe shi, ba a cikin matafiyi ba. Kwikwiyo ya ƙoshi mota ta girgiza shi, dole ya yi amai, kuma madarar shanu ma kan ɓata musu ciki. Ranar tafiya ki ba shi abinci kaɗan tun da sassafe, ki bari ya narke kafin ku tashi. A hanya ruwa ya ishe shi.

Maigidanki yana da gaskiyarsa. Wanda ya wanke amai da hannunsa, kuma yake kiyaye tsarkin tufafinsa, ba rigima yake nema ba. Amma batun but a bar shi. Babu iska, ga zafi, kuma ko yana kuka ba za ku ji ba. Ki samo kwandon roba mai ramuka da murfi, ki shimfiɗa leda da tsohon tawul a ciki, ki ajiye shi a ƙasa bayan kujerarki yadda ba zai gangara ba. Kayan maigida su koma but. Ke mai keke ce, ki ɗinka wa kujerar riga mai kauri, ki nuna masa kafin ki buɗe baki. Zai sauko.

Ki kai kwikwiyon wajen likitan dabbobi ya duba shi ya yi masa rigakafi. Ki roƙi mai karyar ta goga ƙyalle a jikin uwar ki sa masa a kwando, warinta zai kwantar masa da hankali. Ku riƙa tsayawa a inuwa yana shan iska da igiya a wuya, nesa da inda karnukan titi suke yawo. Kada ku bar shi a mota a kulle, ko da ruwa kuka shiga saye.

Bazatar ce kawai ban yarda da ita ba. Tsohon da ya yi rashi ba a ɗora masa sabon abu kwatsam, zai iya ganin kamar an raina wanda ya tafi. Ki kira Baba yau, ki gaya masa kin samo masa kwikwiyo amma ba ki san kan kare ba, ki tambaye shi inda zai kwana da abin da zai ci. Ki ƙyale shi ya yi ta koya miki, ko da kin riga kin sani. Kafin ku isa ya tashi daga bakin ƙofar nan yana gyara wuri.

Allah ya kai ku lafiya ku ukun, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Anti